Eriyar da Ta Kawo Mana Salla

Ko zan manta da komai na zamana a ƙasar Jibiya, ba zan taɓa mantawa da wata eriya da na ɗaura a kan gora ba, da abin da ta jawo wa wani dattijo da bai taɓa yi min komai ba sai alheri.

An tura ni aiki ne wani ɗan asibitin sha-ka-tafi a wani ƙauye can bayan Riko, daf da iyaka. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, domin har yanzu akwai waɗanda in an ambace ni a can sai sun yi murmushi. Ni ƙaramin ma'aikacin lafiya ne, mai ba da ƙwaya da allura da wanke ciwo, amma Likita suke ce min, ni kuwa ban taɓa gyara wa kowa ba. Haifaffen cikin birnin Kano ne ni, kuma da wannan taƙamar na sauka. Gani nake duk abin da na sani su ba su sani ba, abin da ban sani ba kuwa bai cancanci a sani ba.

Ɗaki ɗaya aka ba ni a bayan asibitin, can gefen gari, sai ka ratsa gonaki biyu kafin ka iso. Babu wutar lantarki. Ina da ɗan faifan sola da batir guda, su ne fitilata, su ne cajin wayata. Da farko na ɗauka zan riƙa kallo ta waya kamar yadda na saba a gida. Ina! In ka ga sanda ɗaya ta sabis a wurin nan sai ka yi hamdala. Wani lokacin ina kwance a katifata saƙo zai shigo da Faransanci, wai ana yi min barka da zuwa wata ƙasa, alhali ko takalmi ban sa ba. Na taɓa kwashe yamma guda ina jiran bidiyon minti uku ya buɗe, abin nan yana ta zagaye a tsakiyar waya har aka kira magariba.

Da na je gida hutu sai na dawo da 'yar ƙaramar talabijin mai aiki da batir, da eriya irin mai kama da ƙashin kifi. Na fara ɗora ta a kan rufin kwano, ba komai sai shuuu. Na mayar da ita reshen darbejiya, shuuu. Na samo gora biyu na haɗa su da igiya na kafa a jikin ɗaki, na tambayi wani manomi ina ne Katsina, ya nuna min da haɓa, na juya eriyar can. Sati uku ina wannan fama. Duk wanda ya biyo ta hanyar gona sai ya tsaya ya ɗaga kai ya ce, “Likita, ta kawo?” Ni kuma in ce saura kaɗan, in haɗa da bayanin iska da tsawon zango wanda ni kaina ban fahimta ba.

Cikin masu tambayar akwai Malam Isuhu, ladanin garin. Tsoho ne siriri, yanar ido ta fara rage masa gani, duk Juma'a yakan zo in auna masa jini. Tun da azumi ya kama ba a taɓa shan ruwa ba tare da kwanon kunu ya zo min daga gidansa ba, matarsa Iya Tsahara ce ke damawa. Bayan kiran salla, shi ne mai shelar ganin wata. Daren da ake duban wata zai zauna a ƙofar masallaci da rediyonsa a kan cinya, ba zai motsa ba sai ya ji sanarwa daga Sakkwato da kunnensa, sannan ya ɗauki lasifika. Tun kafin masallacin ya sami lasifika yake wannan aiki, da baki, lungu-lungu. Bai taɓa kuskure ba. Shi ya sa mutanen garin ba sa wahalar da batirin rediyonsu a irin wannan dare. In Malam Isuhu ya faɗa, an gama magana. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da sarauta, wannan amanar ita ce abin da ya mallaka.

Ranar ashirin da tara ga azumi, bayan la'asar, yunwa ta hana ni zama, na fita ina taɓa gorar nan don dai in kashe lokaci. Sai igiyar sama ta kwance, eriyar ta juya da kanta ta fuskanci wani wajen. Ina cikin tsaki sai na ji muryar mutum a ɗakina. Na ɗauka baƙo na yi. Na leƙa, sai ga wani malami a cikin talabijin yana tafsiri da Hausa, hoton fari da baƙi, dishi-dishi, amma ga mutum nan da rawaninsa da mai ja masa baki.

Na tsaya na saurara. Munka, sunka, wanga, shina. Irin maganar da nake ji kullum a asibiti ce. Nan take na yanke hukunci cewa tashar Katsina ce na kama. Ban tsaya na duba inda eriyar ta kalla ba, kuma ko da na duba ba abin da zan gane. (Ni ne fa wanda har yau in an ce arewa sai na tuna yadda nake tsayawa a salla sannan in lissafa da hannu.) Na ɗaure igiyar tamau a yadda take, na kashe talabijin don in tanadi batir, na sha ruwa ranar baki har kunne.

Bayan isha'i na kunna. Sai ga manyan mutane a jere a bayan tebur, da rawuna da manyan riguna, ɗaya yana karanta takarda. An ga wata. Ya jero garuruwan da aka gani, sautin yana ɗaukewa yana dawowa, sunayen da na tsinta kuma ban san su ba. Wannan bai dame ni ba, domin garuruwan jihar Katsina ma guda nawa na sani? Abin da na ji sarai shi ne gobe take Salla.

Da gudu na ratsa gonakin nan. Na tarar da Malam Isuhu a inda aka san shi, rediyo a cinya, mutane kaɗan a gefe suna jiran a ga ko za a yi asham ko ba za a yi ba.

“Malam, an ga wata.”

Ya rage muryar rediyo. “Wa ya hwaɗi, Likita?”

Na ce da idona na gani a talabijin, ga manyan malamai a zaune, ga takarda.

“To, rediyo dai ba ta hwaɗi ba tukuna,” in ji shi.

A nan ne na yi abin da ya fi komai ba ni kunya in na tuna. Na ce masa ai rediyo kullum a baya take, sai talabijin ta gama sanarwa sannan ake aika wa gidan rediyo, haka ake yi a Kano. Wallahi a wurin na ƙirƙiri maganar nan, kuma kafin in rufe baki ni ma na yarda da ita.

Bai musa ba, amma ya ce zai je ya ji da kunnensa. Muka taho a hankali, yana dogara sanda, ina haska masa hanya. Na zaunar da shi a gaban talabijin, ya matso da fuska har hancinsa na neman taɓa gilashin. Aka yi sa'a, ko in ce aka yi rashin sa'a, suna maimaita sanarwar. Ya ga inuwar rawuna, ya ji an ce gobe take Salla, sai batir ya ɗauke, ɗaki ya yi duhu.

Ya ja da baya a cikin duhun. Can ya ce ya ji kam, amma ba muryar da ya saba ji ba ce. Na ce wakili ne aka sa. Ya ce ko a ɗan ƙara jiran rediyo. Na ce mata za su kwana ba su yi daka ba, ga zakkar kono ba a fitar ba, gobe a ce ladan ya makara. Na rantse masa. Na ƙara da cewa ni fa ba yau na fara kallon talabijin ba.

“In dai ka tabbata, Likita,” ya ce, “kai ɗan boko ne, ka fi mu sanin abin ga.”

Ya koma masallaci ya kashe rediyonsa ya ɗauki lasifika.

Gari ya ɗauka. Guɗa ta tashi daga gidaje, taɓare suka fara, aka fasa asham, maza suka shiga awon zakka. Kaji kuwa ba a bar su sun ga safiya ba, domin a garin da asuba ake ɗora tukunyar Salla. Iya Tsahara tana da zakaru biyu da ta yi wata huɗu tana kiwo don wannan rana, duka biyun Malam ya yanka. Ni kuma ina yawo a gari ana sa min albarka. Wani ya ce da ba don Likita ba da sai sauran garuruwa sun riga mu ji. Na ce ba komai, ai amfanin ilimi kenan. Na kuma gayyaci dattawa su biyo ta ɗakina da safe kafin a tafi idi, su ga yadda ake shirin Salla a Katsina. Babu wanda ya tashi sahur.

Da safe na sa farar shaddata, na jira rana ta bugi sola, na shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗaki, na fito da talabijin na ɗora a kan kujera. Dattawa suka zo cikin kayan Salla, har da liman, har da Malam Isuhu da rediyonsa a rataye don sabo. Aka kawo koko da ƙosai daga gidan mai unguwa. Wata guda rabonmu da cin abu da rana, kowa ya sa hannu.

Muna cikin haka sai ga Sabi'u a kan mashin. Sabi'u ɗan garin ne, mai safarar kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi, a Jibiya ya kwana. Ya kashe mashin ya tsaya yana kallonmu, leɓensa a bushe. Aka yi masa barka da Salla, aka miƙa masa koko.

“Sallar mi?” ya ce.

Aka gaya masa. Ya ce shi dai ya yi sahur a Jibiya, kuma ya baro kowa da azumi a bakinsa, ko shago ɗaya ba a rufe ba. Idanu suka dawo kaina. Ni a lokacin ko ɗar ban ji ba. Na ce wataƙila labari ne bai kai musu ba. (Jibiya fa, inda sakatariya take, da kasuwa, da jami'an iyaka, labari bai kai musu ba, amma ya kawo mana nan bayan gona.) Na ce a bar gardama, ga shaida. Na jefa ƙosai a baki na danna talabijin.

Hoto ya kawo tar, ya fi na jiya. Wata mata ce a zaune da ɗankwali, ta buɗe baki, sai na ji abin da ba Hausa ba, ba Turanci ba. Na ce talla ce, yanzu za ta wuce. Ba ta wuce ba. Na ɗan bubbuga gefen talabijin, kamar hakan zai sauya mata harshe. Aka nuno filin idi cike da mutane, na ce yauwa, kun gani. Sai aka nuno sojoji da wata irin hula da ban taɓa gani a kan sojanmu ba, aka nuno taswira, ita ma ba tamu ba. Kaina ya ɗaure. Ga idi ana shiri, ga Salla a fili, to me ya kawo Faransanci Katsina? Har a wannan lokacin, Allah ya sani, tunanin da nake yi shi ne ko baƙi aka yi.

Sabi'u ya matso ya leƙa, sannan ya ɗaga kai ya dubi gora.

“Likita, wagga ai telen Nijar ce. Eriyarka Maraɗi take kallo.”

Duk dattawan nan suka ɗaga kai tare. Ga ta can a sama, ta ba Katsina baya, ta miƙa hanci arewa. Kowa a wurin ya san arewa ce, ban da mai ita. Malam Isuhu ya sauke rediyonsa daga kafaɗa ya murɗa. Ba a daɗe ba mai gabatarwa ya yi sallama, ya ce yau talatin ga Ramadan, jiya ba a ga wata a ko'ina a ƙasar nan ba, a cika azumi.

Ƙosan nan yana bakina, na tauna rabi. In haɗiye ne, ko in tofar? In na haɗiye na ci abinci da gangan da rana a Ramadan, a gaban liman. In na tofar, a kan tabarmar wa? Na tsaya da kumatu a kumbure cikin farar shadda, ina roƙon ƙasa ta tsage. Daga ƙarshe na zagaya bayan ɗaki na tofar, na daɗe a can ina kallon bango.

Da na dawo wurin ya rikice. Wasu suka ce watan da aka gani a Maraɗi ai a kanmu yake, sama ɗaya ce, ga 'yan'uwanmu can tsallake suna Salla, me zai hana mu? Wasu suka ce mu ba a ƙarƙashinsu muke ba, shugabanninmu za mu bi. Wani ya ce shi bai ci komai ba tun jiya, amma da niyyar Salla ya kwana, to yana da azumi ko ba shi da shi? Wani ya ce shi ruwa kawai ya kurɓa. Daga gidaje ana aiko tambaya, a sauke tukwane ko a bar su. Wani bawan Allah har ya juyo ya ce, Likita kai mi ka gani? Ni a lokacin ko ranar da ake ciki ban sani ba, kuma da ƙyar zan iya rantsuwa a kan ƙasar da nake tsaye.

Liman ya ɗaga hannu. Ya ce mu da Sakkwato muke ɗauka, da ita muke ajewa, ba yau za a sauya ba. Kowa ya kame bakinsa har magariba, bayan Salla a rama kwana ɗaya. Ya rage a sanar da gari, kuma na ga yana waige-waige, yana neman wanda zai aika don ya rage wa tsohon nauyi.

Malam Isuhu ya miƙe da kansa. Bai kalle ni ba. Ya dogara sandarsa ya ratsa gonakin nan shi kaɗai cikin rigarsa ta Salla. Muna zaune muka ji lasifika ta yi ƙara, sannan muryarsa.

“Jama'a, Isuhu ne. Jiya na hwaɗa maku abin da ban tabbatar ba. Yau azumi ne, kowa shi kame bakinshi. Laihina ne, ku gahurta mani.”

Sau uku ya maimaita. Ina jira in ji Likita, ko talabijin, ko eriya. Bai ambaci ko ɗaya ba. Da ya zage ni a lasifikar nan da na fi samun sauƙi.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Lokacin zafi ne, gari duk ƙamshin miyar kaji, mutane suna zaune a inuwa da lalle da sababbin kaya suna haɗiyar yawu. Ba firiji a garin in ban da ɗan akwatin rigakafi na asibiti. Da magariba aka ci abin da za a iya ci, shinkafar wasu gidajen ta riga ta yi yami. Washegari aka yi Salla ta gaskiya, kuma tuwo da miyar kuka aka ci, ba ko ƙashi, domin kajin garin sun tafi a Sallar Nijar. A filin idi na tsaya a sahun ƙarshe, ana sallamewa na sulale.

Da yamma na je gidan Malam Isuhu na durƙusa. Na shirya dogon jawabi a hanya, amma abin da ya fito kawai shi ne ya yafe min, kuma ya bar ni in je masallaci in faɗa wa mutane ni ne. Ya ce ai kowa ya san ni ne, faɗa ba za ta ƙara komai ba.

“Kai baƙo ne, ba ka san arewa ba,” ya ce. “Ni na san muryar da nike jira, ban jira ta ba.”

Iya Tsahara ta turo min tuwo daga cikin gida, ta ce a gaya wa Likita ya yi haƙuri da miyar, zakarun sun yi tafiya. Na cinye don kunya, ban ji ɗanɗanon komai ba.

Na sauke gorar a satin. Aka rama azumin gari guda rana ɗaya, aka yi ta tsokanata har abin ya zama wasa, masu zuwa allura suna tambayata yau wace rana ce a Maraɗi. Na ɗauka shi kenan, ya wuce a kaina.

Da azumi ya zagayo, daren duban wata na je na zauna kusa da Malam Isuhu a ƙofar masallaci. Ya jira har sanarwa ta zo, ya saurare ta har ƙarshe, ya sake saurara da aka maimaita, sannan ya ɗauki lasifika ya ce gobe azumi. Ya ajiye. A da, guɗa ce ke biyo baya. Wannan karon sai muka ji rediyo ta kama a gidan da ke jikin masallaci, sai ta gidan gaba, sai wata can ƙasan gari, kowa yana laluben tasha ya ji ko gaskiya ne. Idon tsohon ne ya raunana, kunnensa lafiya lau. Ya saurara na ɗan lokaci, ya naɗe wayar lasifika a hannunsa, ya ce, “Gara haka,” ya yi min sai da safe.

Tun daga ranar, in na ji bakina zai ce na gani da idona, sai in dakata in tambayi ɗan gari wace ƙasa na juya wa fuska. In kuma na ji zan ce haka ake yi a Kano, sai in yi shiru gaba ɗaya, domin na lura ni nake rantsuwar, wani ne yake biya.